Kayan Gwanjo a Ɗakin Gwajin Ɗalibi: Nazari kan Sayen Tsofaffin Na'urorin Sadarwa Domin Jarrabawar CCNA

Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi wata al'ada da ta samu gindin zama a wurin masu neman takardar shaidar ƙwarewa ta CCNA, wadda kamfanin Cisco na Amurka ke bayarwa, wato harhaɗa ɗan ɗakin gwaji a gida da tsofaffin na'urori. Tun daga ranar 24 ga Fabrairun 2020 kamfanin ya dunƙule rassan shaidar zuwa jarrabawa guda mai lamba 200-301, wadda ake yi cikin minti 120 a kan dala 300. Wanda ya faɗi sai ya sake biya. Saboda haka duk abin da ɗalibi ya kashe wajen sayen na'urar da ba ta da amfani, daga kuɗin jarrabawarsa ya yanko.

Da kalmar gwanjo Hausawa suka fi kiran irin waɗannan kaya, ko da yake asalin ma'anarta ciniki ne na wa-ya-fi-tayi. A kasuwar Computer Village da ke Ikeja kuwa, da shagunan titin Beirut a Kano, an fi jin tokumbo, aro daga Yarabanci mai nufin abin da ya ƙetaro teku. Na'urori biyu ne ginshiƙin aikin: siwic, mai haɗa kwamfutocin gida ɗaya, da rauta, mai zaɓa wa saƙo hanya tsakanin mabambantan gidajen sadarwa.

Abin da manhaja ke buƙata

Manhajar jarrabawa ce ya kamata ta yanke abin da za a saya. Siwic guda ba ya koyar da komai game da tsarin STP, wanda ke hana saƙo yin ta kewaya ba iyaka, domin sai an sami madauki kafin a ga yadda ake toshe shi. Biyu za su nuna somin-taɓi, amma da uku ne ɗalibi zai ga yadda ake zaɓen shugaba a tsakaninsu, da ƙofar da ke rufewa da wadda ke buɗewa idan aka zare waya. Catalyst 2960 ya wadatar a nan. In an sami guda daga jinsin 3560 ko 3750 ya fi, saboda suna iya kai saƙo tsakanin rukunonin VLAN. Ta fuskar rauta, biyu ko uku daga 1841, 2811, 1941 ko 2911 sun isa gwada OSPF, muddin suna ɗauke da manhajar IOS ta 15. Tsohon 2950 kuwa, duk da arharsa, ya tsaya a kan IOS ta 12.1, don haka ya fi kama da kayan tarihi.

Duba na'ura kafin biya

Nan ne ciniki ke gyaruwa ko ya ɓaci. Ba a sayen na'urar da ba a kunna ba. Mai saye zai zo da kwamfutarsa da wayar konsol, ya daidaita gudunta a kan 9600, ya kalli yadda na'urar ke tashi tun daga farko. Umarnin show version zai bayyana samfuri da lambar siriyal da nau'in IOS. Sai a gwada lambar da wadda ke manne a jikin ƙarfen. Idan suka saɓa, akwai lauje cikin naɗi. Jabun kayan Cisco ba tatsuniya ba ce: a 2024 wata kotun Amurka ta ɗaure Onur Aksoy shekara shida da rabi kan safararsu. Bayan haka a bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da waya, a kuma saurari fanka.

Akwai wani aibi da ya fi shafar mai saye a Nijeriya. A 2014 Cisco ya bayyana cewa wasu ƙwayoyin ma'adana da aka ƙera tsakanin 2005 da 2010 suna lalacewa a ɓoye, har ya ware dala miliyan 655 domin magance matsalar. Na'urar kan yi ta aiki lafiya muddin tana kunne, sai ranar da aka kashe ta sannan ta ƙi tashi. A ma'aikatar da wuta ba ta yankewa aibin zai iya yin shekaru bai fito ba, amma a ɗakin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini ba zai jima ba. Tunda yawancin samfuran da ɗalibai ke saye 'yan wancan zamani ne, hikima ita ce a kashe a kunna sau biyu ko uku a gaban mai shago.

Kalmar sirri da tsohon mai ita ya bari ba ta isa ta hana ciniki ba. A kan rauta, sauya rajistar saiti daga 0x2102 zuwa 0x2142 yana sa ta tsallake tsohon tsari. Ƙarfin wuta ma ba cikas ba ne, domin akasarinsu suna karɓar bolt 100 zuwa 240. Kan soket kawai ake sauyawa. Sai dai lasisin IOS ba ya bin na'ura kai tsaye zuwa hannun sabon mai ita, kuma wanda ba shi da yarjejeniyar kulawa da kamfanin ba zai sauko da sabuwar manhaja ba. Abin da aka tarar a ciki, da shi za a zauna.

Iyakar amfaninsu

Ba duk manhajar ce gwanjo ke ɗauka ba. Sassan sadarwa marar waya da na sarrafa na'urori ta hanyar shiri sun fi ƙarfin kayan 2007, kuma Packet Tracer, wanda Cisco ke bayarwa kyauta, yana kwaikwayon mafi yawan darussan ba tare da ƙarar fanka ko kuɗin man janareta ba. Abin da ƙarfe ya fi shi da shi kaɗan ne, amma mai nauyi: wayar da aka murɗa ba daidai ba, ƙofar da ta mutu, da fitilar da ta tsaya a ruwan lemo ta ƙi komawa kore. Ɗalibin da kuɗinsa bai kai ba ya fara ajiye na jarrabawa, in ya yi saura ya sayi siwic biyu da wayar konsol.