Idan Gwajin Jini Ya Nuna Nutrofil Ya Yi Ƙasa ko Ya Yi Sama

'Yan uwa, da yawa daga cikinmu mazauna Ingila da Amurka mun taɓa buɗe sakamakon gwajin jini a waya, muka tarar an yi wa layin nutrofil jar alama. Sai hankali ya tashi tun kafin a ga likita.

Nutrofil nau'i ne na fararen ƙwayoyin jini, kuma shi ne mafi yawa a cikinsu, domin yakan kai rabi ko fiye. A ɓargo ake samar da shi. Shi ke riga sauran isa inda bakteriya ta kutsa cikin jiki, ya haɗiye ta. Mugunyar da ke taruwa a maruru ma akasarinta gawarwakinsa ne. Yawancin ɗakunan gwaji a Ingila suna ɗaukar kimanin 2.0 zuwa 7.5 a matsayin daidai, wato biliyan 2 zuwa 7.5 a kowace lita ta jini. A Amurka da dubbai ake rubutawa, don haka 1.5 na Ingila shi ne 1,500 a can.

Hauhawarsa ba ta cika wuyar fassara ba. Galibi jiki ne ke yaƙi da wata cuta, ko an ji rauni, ko an yi tiyata. Juna biyu, shan taba, motsa jiki mai tsanani da magunguna irin su prednisolone duk suna ɗaga shi. Idan ya daɗe a sama ba tare da dalili ba, sai a binciki ɓargo.

Saukarsa ce ta fi shafar mu. Likitoci kan kira ƙasa da 1.5 ƙaranci, ƙasa da 0.5 kuma ƙaranci mai tsanani. To amma waɗannan ma'aunai, akasari daga jinin Turawa aka samo su. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani sinadari da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma rashinsa kariya ce daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax. Masu wannan gado sau da yawa adadin nutrofil ɗinsu na jini yakan zauna ƙasa da na Bature, alhali lafiyarsu ƙalau, kuma ba su fi kowa kamuwa da cuta ba. Haka aka halicce su.

Rashin sanin wannan yana da illa. Akan yi ta maimaita wa mutum gwaji, wani ma har a ɗebi ɓargonsa. Abin da ya fi muni, akan jinkirta wa mai ciwon daji maganinsa, ko a dakatar da clozapine ga mai taɓin hankalin da babu maganin da ya karɓe shi sai shi. Shi ya sa nake ganin duk wanda aka ce nasa ya yi ƙasa ya gaya wa likita asalinsa, ya nemi a kwatanta da tsofaffin gwaje-gwajensa, ya kuma tambaya ko za a duba nau'in Duffy ɗinsa. Gwajin jini ne kawai.

Sai dai kada wannan ya zama dalilin sakaci. Mura da sauran cututtukan bairos suna saukar da shi na ɗan lokaci. Haka ma taifod da maleriya, don haka wanda ya dawo daga gida da zazzaɓi ya faɗa wa likita inda ya je. Ƙarancin bitamin B12 ma yana jawo shi. Wanda kuwa ke karɓar maganin ciwon daji, ko yake shan carbimazole saboda ciwon maƙoƙo, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 ko maƙogwaro ya fara ciwo, kada ya jira wayewar gari. Ya tafi sashen gaggawa nan take, ya ɗauki magungunansa ya nuna musu.