Yadda Ake Ɗaure Sarƙar Babur A Gida

Kakana yana da wani tsohon babur ƙirar Honda CD175, wanda ya saya a shekarar 1975 da kuɗin ariyas na Udoji, lokacin yana malamin firamare. A zamanin nan ba a ma ƙirƙiro Jihar Katsina ba, sai a 1987. Har yau wannan babur shi ne ƙafarsa. Da shi kawuna yake ɗauko shi daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma ganin likita, domin yanzu Malam ba ya iya tuƙi da kansa.

Da hutun da ya wuce na je Kurfi, sai na tarar an jingine babur a zaure. Kawu ya ce sarƙa ta zame masa a hanya har sau biyu, ga shi kuwa jibi ne ranar asibiti. Malam ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, ɗauko sufana. Yau zan ga abin da ake koya muku." Abin da na koya a ranar shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

Da farko ya kamata a san abin da ke sa sarƙa ta saki. Ƙarfen ba miƙewa yake yi kamar roba ba. 'Yan ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa kaɗan kaɗan, musamman in ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Sakakkiyar sarƙa tana iya zamewa ta cije tayar baya ana cikin gudu, wannan kuwa hatsari ne babba.

Ga yadda aikin yake. A kashe inji, a ɗora babur bisa ƙafarsa ta tsakiya yadda tayar baya za ta tashi daga ƙasa. A cire 'yar robar da ta toshe ramin gidan sarƙa, a sa yatsa a ɗaga sarƙar sama da ƙasa. Motsin da ake so kamar santimita 2 ne, watau wajen faɗin babban yatsa. Sa'an nan a zare 'yar ƙusar da ta kulle babban notin taya da filaya, a sassauta notin. A kowane gefe akwai ƙaramin noti mai jawo taya baya. A juya na hagu kaɗan, a juya na dama daidai da shi, ana duban zane-zanen da ke jikin ƙarfen don kada taya ta karkace. In an gama a ɗaure babban noti tamau, a sa sabuwar ƙusa.

To, a nan ne na yi kuskure. Na ga sarƙa ta ba mu wahala, sai na ja ta har ta miƙe kamar tsirkiyar baka, ina jin na yi gwaninta. Malam bai ce kome ba, sai ya ce in sauke babur, kawu ya hau. Da na sake taɓawa sai na ji ko motsi ba ta yi. Ya ce, "Ka gani? In mutum ya hau, sarƙa ƙara tsukewa take yi, balle mutum biyu bisa hanya mai gargada. Wadda ka yi wa haka ko dai ta cinye haƙoran faifanta, ko ta tsinke." Ya kuma sa na juya taya a hankali ina taɓawa, na tarar wani wuri ya fi wani tsauri, domin tsohuwar sarƙa ba ta cinyewa bai ɗaya. Ashe a wurin da ya fi tsauri ake awo. Dole na kwance na sake daga farko.

Saura abu biyu da mutane kan manta. Na ɗaya birki. In taya ta ja baya tana jan sandar birki, sai ya riƙa kamawa ba a taka ba. Saboda haka a gyara notinsa har taya ta juya sakayau. Na biyu mai. A wanke sarƙa da kananzir, a bari ta tsane, a ɗiga mata mai.

Malam ya ƙara da cewa akwai sarƙoƙin da ke ɓoye cikin inji. Irin nasa yana da wadda ke buɗe bawul, amma CG125 da ya fito a 1975 sanduna ke yin wannan aiki. Wasu kuma, kamar Super Dream na 1978, suna da sarƙar da ke juya ƙarafa masu nauyi don rage girgizar inji. Wannan akan sassauta notinta ne kawai, sifirin ya ja ta da kansa, a mayar a ɗaure. Ya gargaɗe ni kada in taɓa ta ciki sai da littafin babur ko gaban makaniki.

Ranar asibiti suka tafi suka dawo lafiya, sarƙa ba ta ko yi ƙara ba. Kawu ya ce in haƙoran faifai suka yi tsini, ɗauri ba ya magani, sai a sake sarƙa da faifan gaba ɗaya, kuma ya fara tara kuɗinsu.

Ina roƙon iyayenmu su riƙa jawo mu kusa in ana irin wannan aiki a gida. Mu kuma ɗalibai kada mu ƙyamaci baƙin mai a hannu, gama Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu a hanya, amin.