WACE MOTA TA DACE DA HANYOYINMU?

Hausawa suna cewa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka mota take. Ba a sanin ƙarfinta a kan kwaltar Gusau zuwa Sakkwato, sai damina ta sauka an ratse an nufi ƙauye.

Dalilin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, wata rana da damina na raka kawuna gonarsa ta shinkafa a wajen Bakura. Da za mu komo, sai ƙaramar motarsa ta kafe cikin taɓo, ga magariba ta gabato. Kowa ya san a wannan zamani na rashin tsaro, dare ya riski mutum a daji ba abin wasa ba ne. Allah Ya taimake mu wata Hilux ta zo ta jawo mu. Tun daga ran nan na shiga tambayar direbobi da makanikai, ga kuwa abin da na koya.

Da farko dai, ƙaramar mota tayoyi biyu kawai injinta yake juyawa. In suka faɗa laka, shi ke nan, sai turi. Amma manyan motocin shiga daji suna raba ƙarfin injin ga tayoyi huɗu duka. Suna da wata giya ta musamman mai rage gudu ta ƙara ƙarfi, kuma cikinsu ya yi nesa da ƙasa, ba ya gugar tudu.

Uku daga cikinsu ne muka fi sani. Ta farko ita ce Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Dattawa suna yabonta wajen ratsa yashi da kwazazzabo, kuma jikinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa. Amma an daina ƙera tsohon samfurinta a 2016, kayan gyaranta kuwa sai an sha nema.

Ta biyu ita ce Land Cruiser ta kamfanin Toyota na Japan, wadda asalinta ya faro a 1951. Tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas cikin jin daɗi, kuma manyanta suna iya jan tirela mai nauyin kilo 3,500. Aibinta shi ne tsada da shan mai.

Ta uku ita ce Hilux, a-kori-kura, wadda ta fito a 1968. Bayanta a buɗe yake, tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo 100.

A nan sai mu lura, 'yan'uwana ɗalibai, ɗaukar kaya daban, jan kaya daban. Jaki a gadon bayansa yake ɗauka, sa kuwa amalanke yake ja. Wanda ya labta wa Land Cruiser buhuna ya zalunce ta, wanda kuma ya ɗaura wa mota tirelar da ta fi ƙarfinta, birki zai ci amanarsa a gangara.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Maradun a 1978, manomanmu suke noman rani, kullum kuwa akwai amfanin gona da ke jiran a kai shi kasuwar Talata Mafara. Saboda haka a ganina Hilux ta fi dacewa da manomi, Land Cruiser kuma da mai jigilar mutane, kamar ma'aikatan lafiya masu zagaya ƙauyuka.

Daga ƙarshe, shawarar da na ba kawuna ita ce, kafin ya tambayi kuɗin mota, ya fara tambayar makanikin garinmu ko yana iya gyara ta. Allah Ya kiyaye hanya, amin.