Ƙofofi Biyu Da Ƙwayar HIV Ke Bi, Da Dalilin Da Ya Sa Ba A Daina Shan Magani

Darasinmu na wannan mako a kan ƙwayar HIV ne, wadda ke kawo cuta mai karya garkuwar jiki, wato ƙanjamau. Kada wani ya ce ai wannan maganar manya ce. Wadda aka fara ba da rahoton tana da cutar a Najeriya, a shekarar 1986, yarinya ce 'yar shekara 13, sa'ar da yawa daga cikinmu. Kuma a watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, wadda ta ce sai an yi wa ango da amarya gwajin HIV da na ciwon hanta da na sikila. Ke nan yayyenmu na nan Gude ma abin ya zo kansu. Babban binciken da aka yi a ƙasa a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar. A yankinmu na Arewa maso Yamma, cikin manya dubu ana samun kamar shida.

Tambayar da muka bi ita ce: mutum yana shan magani, ya murmure, ya yi ƙiba, yana zuwa gona, to me ya sa likita ke cewa kada ya daina, kuma ya riƙa dawowa ana duba ƙodarsa da jininsa? Amsar tana farawa ne daga yadda ƙwayar ke shiga.

A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. Wasu daga cikinsu ana ce musu CD4, su ke ba sauran umarni. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan ɗigon jini da bai kai kan allura ba. HIV ba ta iya hayayyafa ita kaɗai, sai ta shiga cikin ƙwayar jikin mutum, kuma ba kowacce take shiga ba. Da farko tana kama wani abu da ke jikin sojan, shi ma sunansa CD4. Wannan kamar shiga zaure ne, kuma kowa ya san zaure ba cikin gida ba ne. Sai ta sami ƙofa ta biyu. Ƙofofin biyu ne, CCR5 da CXCR4, kuma a 1996 masana suka gano aikinsu. Ƙwayar da ke bi ta CCR5 ana kiranta R5, mai bi ta CXCR4 kuma X4, akwai kuma mai iya bin duka biyun. Da Turanci abin yana da suna mai wuyar faɗi, mu dai a kulob mun sa masa "zaɓin ƙofa".

Kusan duk wanda ya kamu, R5 ce ta fara shigarsa. Ƙofar CCR5 tana da yawa a jikin sojojin da ke gadin bangon hanji, da kuma wasu manyan ƙwayoyi masu cinye datti da ke zaune a huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa a makonnin farko ake yin ɓarna mai yawa a hanji, alhali mutum yana ganin ɗan zazzaɓi ne kawai ya yi. Idan shekaru suka wuce ba magani, a jikin wasu ƙwayar takan koyi bi ta CXCR4. Wannan ƙofar tana jikin sababbin sojojin da ba su taɓa fita yaƙi ba, don haka adadin CD4 yakan faɗi da sauri. Idan ya yi ƙasa da 200, an shiga matakin ƙanjamau.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne labarin Timothy Ray Brown, wani Ba'amurke da ke zaune a Balin ta ƙasar Jamus. Yana da HIV, sai kuma ya kamu da sankarar jini. A 2007 aka yi masa dashen ƙwayoyin ɓargo daga wani mutum da aka haifa ba shi da ƙofar CCR5, ya gaji hakan daga uwa da uba. Brown ya daina shan maganin HIV, kuma ƙwayar ba ta dawo ba har ya rasu a 2020, sankarar ce ta yi ajalinsa. Amma kada a ɗauka an samu waraka ga kowa. Dashen yana da haɗari ƙwarai, don sankara ake yin sa, kuma masu irin wannan gado kaɗan ne, galibi a arewacin Turai.

Akwai magani mai suna maraviroc da ke toshe CCR5, sai dai ba ya aiki a kan X4, dole a fara gwada ƙofar da ƙwayar mutum ke bi. Wanda aka fi bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati a ƙasarmu shi ne TLD, ƙwaya ɗaya sau ɗaya a rana, mai haɗe da tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Shi babu ruwansa da ƙofa. Ko ta ina ƙwayar ta shiga, yana hana ta hayayyafa, har a auna jini a kasa ganinta. Wanda ya kai wannan matsayi ya ɗore a kai ba ya sa wa matarsa ko mijinta.

To ina matsalar? HIV tana rubuta kanta cikin kundin gado na ƙwayar da ta shiga, wasu daga cikin ƙwayoyin kuma sai su kwanta barci na shekaru. Magani ba ya ganin wadda ke barci. Duk ɗan manomi ya san ƙwaron wake: a shanya, a bushe, a ga wake tsaf, amma tsutsar tana cikin ƙwayar. Idan aka daina shan magani, cikin 'yan makonni cutar takan dawo cikin jini, mai sha yau ya tsallake gobe kuma yana iya sa ta daina jin maganin. Ga wani abu kuma: tenofovir da lamivudine suna danne ciwon hanta nau'in B, don haka mai cutukan biyu in ya tsaya, hantarsa na iya tashi.

Saboda ɓoyayyar ƙwayar nan da raunin da aka yi wa hanji, sojojin jiki ba sa samun cikakken hutu. Kamar garwashi ne cikin toka, ba harshen wuta amma da zafi. A hankali wannan yana lalata hanyoyin jini, shi ya sa masu HIV suke da haɗarin ciwon zuciya kusan ninki biyu na sauran mutane. Dolutegravir yakan sa wasu ƙiba, sai a riƙa auna hawan jini da sukari. Ƙashi yakan yi rauni. Tarin fuka kuwa har yanzu shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV, don haka tarin da ya ƙi tafiya ba na jira ba ne.

Ƙoda ce muke so a fi lura da ita, domin ta fi shafar irin rayuwarmu. Ita cutar tana taɓa ƙoda, tenofovir ma yana taɓa ta a jikin wasu. Sai a ƙara da zafin bazara, da yinin gona ba isasshen ruwa, da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis ana sha kamar gyaɗa, da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba. Ƙoda ba ta yin ƙara in tana lalacewa, gwajin jini da fitsari ne ke nunawa. Mai son yin azumi ma ya fara shawara da likita a kan lokacin shan ƙwayarsa, ko da sahur ko bayan buɗa baki.

'Yan uwa mata, wannan naku ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai HIV ta fi wadda ba ta da ita haɗarin sankarar bakin mahaifa sau shida. Wata ƙwaya ce daban, HPV, ke kawo wannan sankara, kuma tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta, Kano na cikin jihohin farko.

Duk waɗannan gwaje-gwaje sai mutum ya je asibiti. Wanda ke tsoron a gan shi a Gwarzo a yi ta yi da shi, zai ce sai dai Asibitin Malam Aminu Kano, ran da babu kuɗin mota kuma sai ya zauna a gida maganinsa ya ƙare. Ba a ɗaukar HIV ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko gaisawa, ko buta, ko cizon sauro. Mai tambaya ya rubuta a takarda, ba sai ya sa suna ba, ya ba kowane ɗan kulob, za mu kai wa malamin kimiyya mu liƙa amsar a nan.