Darasin Wannan Wata: Masara Ba 'Yar Masar Ba Ce

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, da rana ta fito sai ya tafi. Amma akwai baƙin da suka zo ƙasar Hausa suka ƙi tafiya, har aka manta baƙi ne. Suna nan cikin tukunya da rumbu. Su ne masara, rogo, gyaɗa, dankali, tumatir da barkono. Duk cikinsu babu ɗan asalin Afirka. Daga nahiyar Amurka suka fito, can hayin babban teku.

Yadda Suka Ƙetaro Teku

A shekarar 1492 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Kolombos ya tashi daga ƙasar Sifen, ya isa nahiyar Amurka. Turawa suka tarar da mutanen can suna noma abincin da ba su taɓa gani ba. Daga nan jiragen ruwa suka shiga ɗaukar iri. Turawan Fotugal sun sauke wasu a bakin tekun Afirka a zamanin cinikin bayi. Fatake kuma suka yi ta shiga da su gari gari.

Masara

Mutane da yawa sun ɗauka daga ƙasar Masar masara ta fito, saboda sunanta. Ba haka ba ne. A ƙasar Meziko aka fara noma ta, shekaru wajen 9,000 da suka wuce. Masana na ganin ta hanyar Masar wani irinta ya biyo kafin ya iso nan, sai aka kira ta da sunan zangon da ta yada. Ashe suna ba ya nuna asali.

Dankali

Ga wani abin mamaki. Ana cewa dankalin Turawa, ana cewa dankalin Hausa. To, na farko ba na Turawa ba ne, na biyu kuma ba na Hausawa ba ne. Dankalin Turawa daga duwatsun ƙasar Peru yake, inda ake sanyi. Shi ya sa ya fi yin kyau a Jos. Dankalin Hausa shi ma ɗan nahiyar Amurka ne. Waɗanda kakanni suka sani tun asali su ne rizga da tumuku.

Gyaɗa

Gyaɗa daga Kudancin Amurka ta zo. Kafin zuwanta gujiya ake ci, wadda wasu ke kira kwaruru. Gyaɗa ta sami karɓuwa har ta shiga kunu da ƙuliƙuli da tsire. Da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, sai ta zama abin neman kuɗi. Attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka riƙa saye suna tarawa. Buhunan da ake jerawa su ne dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita.

Rogo

Rogo ɗan ƙasar Barazil ne. Yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya. Amma wannan baƙo yana da sharaɗi. Rogo mai ɗaci yana da guba, kuma tana iya kisa. Mutanen Barazil sun san maganinta tun da can. Sukan goge shi, su matse ruwan, su soya. 'Yantattun bayi da suka dawo daga Barazil a ƙarni na 19 sun yaɗa wannan dabara a bakin teku. Daga nan aka sami garin kwaki.

Saboda haka uwargida ta kula. Kada a ci rogo mai ɗaci ɗanye. A fere shi, a jiƙa shi kwana 3 zuwa 4, a zubar da ruwan, a shanya ya bushe sosai. Kada yara ko dabbobi su sha ruwan jiƙon.

Barkono da Tumatir

Yau da wuya a ɗora miya babu barkono ko tumatir. Su ma baƙi ne daga Amurka. Kakanni da masoro da kimba suke yin yaji, da daddawa suke gyara miyar kuka da kuɓewa.

'Yan Gida

To, su wa baƙin suka tarar? Sun tarar da gero, dawa, acca, wake da gujiya. An tono tsohon gero a ƙasar Mali wanda ya kai shekara 4,500. Dawa kuma a gabashin ƙasar Sudan aka fara noma ta. Har shinkafa akwai ta asalin Afirka, mai jan baya, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara cikin Mali.

Waɗannan 'yan gida sun saba da zafin rana da ƙarancin ruwa. Gero kan yi a jigawa inda masara ba za ta yi ba. Masara tana son ruwa da taki mai yawa. In damina ta yanke da wuri, ita ce ke fara faɗuwa.

Abin Lura Ga Manomi

Da kakanni sun ƙi baƙon iri, da yau babu ƙuliƙuli, babu gasasshiyar masara. Don haka in malamin gona ya kawo sabon iri, kada a ce ba a gada ba. A gwada shi a gefen gona, a ga yadda zai yi.

Amma kada a saki na gida. Mutanen ƙasar Ailan a Turai sun dogara ga dankali kaɗai. A 1845 cuta ta faɗa masa, aka shiga yunwa, mutum wajen miliyan 1 suka mutu. A nan Arewa ma, a 1975 cuta ta cinye gyaɗa, manoma da yawa suka tashi hannu banza. Mai gero da dawa da wake a gona, in ɗaya ya ƙi, ɗaya zai yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambayoyi Don 'Yan Aji

1. A wace ƙasa aka fara noman masara?
2. Me ya sa dankalin Turawa ya fi yin kyau a Jos?
3. Yaya ake cire gubar rogo mai ɗaci?
4. A rubuta sunan abinci 5 'yan asalin Afirka.
5. Me ya sa bai kamata manomi ya dogara ga iri ɗaya ba?

A karanta wannan darasi a aji. In an koma gida, a karanta wa maƙwabta da ba su fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba.