Shinge Ya Hana Mu Kunna Fitila

Tambaya: Duk shekara da ruwan farko ya sauka, sai shinge ya cika mana gida, ya faɗa a miya, da safe tsakar gida duk fukafukai. Na yi feshi har na gaji. Mene ne maganinsa? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki ajiye maganin feshin nan tukuna. Shinge gara ce mai fiffike, maza da mata, masu barin suri domin su kafa sabon gida. Sukan jira ruwa mai ƙarfi ya jiƙa ƙasa, a wajenmu tsakanin Mayu da Yuni, sannan su fito da almuru. Da sun sauka sai su kaɗe fukafukan, kowace mace namiji na biye da ita, su nemi wurin tona rami. Kaɗan ne ke tsira, kwaɗi da ƙadangaru da tsuntsaye ke cinye sauran. Ba ya cizo, ba ya yaɗa cuta, kuma fitowar tasa ta 'yan darare ce.

Haske yake bi, saboda haka da haske za ki kore shi. Ranar da aka yi ruwa, kafin magariba ki rufe tagogi, ki kashe fitilun ɗaki da na madafa. Ki kunna guda ɗaya can nesa da ƙofa, ki ajiye baho da ruwa a ƙarƙashinta, a ciki zai riƙa zubewa. Da safe kaji su samu kalaci. Wasu ma soya shi suke da ɗan gishiri, ga maiƙo.

Feshin ne ya fi damuna. Kaji kan tsince wanda guba ta kashe, yara ma kan tsinta. Kuma irin su ota-fiya-fiya da Sniper ba na ɗakin kwana ba ne. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa.

Sai dai ki lura da inda yake fitowa. In daga waje yake shigowa, ba komai. In kuwa daga silin ne, ko azara, ko gindin bango, to gara ta daɗe a gidan. Ki duba siraran hanyoyin laka a bango, ki ƙwanƙwasa katakon ƙofa ki ji ko holoƙo ne, sannan maigida ya nemo masu feshin gara kafin damina ta yi nisa.