Me Ya Sa Mata Ba Su Da Yawa a Majalisar Tarayya?

Wata mai sauraronmu daga Tofa, jihar Kano, tana tambaya: ranar zaɓe layin mata ya fi tsawo, to me ya sa ba a cika ganinsu a majalisa ba?

To Malama, tambayarki tana kan hanya. Majalisar Dattawa kujeru 109 gare ta, amma bayan zaɓen 2023 da shari'o'insa, mata 4 kacal suka samu shiga. Majalisar Wakilai kuwa, cikin kujeru 360, mata ba su kai 20 ba.

Matan Arewa ba su fara kaɗa ƙuri'a ba sai 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri a kan haka. A ganina, babban cikas a yau yana cikin jam'iyyu: kuɗin fom, sayen daliget, da tarukan tsakar dare. Tun a zaɓen fid da gwani ake tankaɗe mata.

A Maris 2022 majalisa ta yi watsi da ƙudirin ware wa mata kujeru na musamman. Maƙwabciyarmu Nijar kuwa tun 2000 ta kafa dokar ware musu kaso.